An ce mu tashi kafin azumi: hayar kwana ta fara cinye gidajen zama a Makka

Ummu Ammar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, abin ne ya tsaya mini a rai. Shekararmu 11 a shiƙƙa ɗaya, wato gidan haya a cikin bene, a unguwar Kudai, hawa na uku. A cikinta na haifi uku daga cikin yara huɗun da Allah ya ba mu. Riyal 19,000 muke biya a shekara, biya biyu, kuma ba mu taɓa saɓa lokaci ba, har shekarar korona da maigidana ya yi wata huɗu bai tayar da mota ba. Shekaranjiya bayan la'asar wakilin mai imara, wato mai benen, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce ba za a sabunta mana ba, mu nemi wuri kafin ƙarshen Sha'aban. Na ce masa idan ƙari ake so a faɗa, za mu ƙoƙarta. Ya ce ba maganar ƙari ba ce, gyara za a yi a zuba gadaje a riƙa ba masu Umara da kwana.

Shiƙƙa 12 ce a imarar, 7 an riga an mayar da su haka. Da idona nake gani. An cire makullan da muka sani an sa na lamba, mutum ya zo da jakarsa ya danna ya shiga, ba sallama da kowa. Ƙarfe biyun dare sai ƙarar tayoyin akwati a baranda. Tankin ruwan da yake kai mu mako yanzu kwana uku ya ƙafe, sai an jira wayit, motar ruwa. Sau biyu ana murɗa mini hannun ƙofa da tsakar dare, baƙi ne suka ɓata hawa. Ba na ganin laifinsu, baƙin Allah ne. Amma 'yata mai shekara 13 na daina aikenta bakala, wato kanti, ita kaɗai. Innar da ke ƙofar da ke kallon tamu, wadda nake bar wa makulli da yara idan zan je asibiti, tun bara aka tashe ta, tana can Shara'i.

Ina jin ana ta cewa hukuma ta tsaurara, dole lasisi, dole tsafta, dole abin kashe gobara. Duk domin baƙo. To mu da muke zaune shekara da shekaru, wace doka ce ta tuna da mu?

Hajiya 'Yar Damagaram:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ku mafita ƙanwata. Irin wannan ce ta fitar da mu daga Misfala. Yau ina dafa tuwo a Ka'akiyya, kafin yaro ya kai wa alhazai ya huce.

Baba na Tandubawi:
'Yata, sannu. Ni a garin nan aka yanke mini cibiya, kuma hayar baƙi ba yau aka fara ta ba. Da ita aka rene mu. Idan Zulƙida ta kama, mahaifinmu sai ya kwashe mu mu koma saman soro, a kafa rumfar katako da buhu, ɗakunan ƙasa a ba alhazan Kano da na Fort Lami, wato Njamena ta yanzu. Kuɗin wata ɗaya da rabin nan shi ne cefanen shekara. A Aziziyya kuwa har a takardar haya ake rubutawa: wata goma naka ne, musim, wato lokacin Hajji, na mai gida. Mutane su ɗaure kayansu a ɗaki ɗaya su kulle, su tafi Jidda ko Ɗa'ifa wurin dangi, bayan alhazai sun watse su dawo.

Abin da ya sauya shi ne a da musim yana da farko yana da ƙarshe. Ka san ranar fita, ka san ranar dawowa. Umara ma ba duk shekara ake zuwa daga waje ba. Yanzu alhazai ba su gama tafiya ba an buɗe bizar Umara, ga ta an mayar da ita kwana 90 tun 2022, ga mai bizar ziyara da ta yawon buɗe ido duk suna iya yi. Hukuma da bakinta ta ce tana son masu Umara miliyan 30 a shekara nan da 2030. Mai gida ya duba ya ga kullum musim ne. To me zai yi da ɗan haya?

Abu Rayyan:
Inna Ummu Ammar, wallahi na ji zafin abin da ya same ku. Amma ku bar ni in faɗi ta ɓangaren masu gida, don ina cikinsu, kada a yi mana kuɗin goro. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana ƙaramar imara a Rusaifa, mu tara ne magada, shida mata. Shiƙƙa biyu na fitar wa lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, sauran huɗun masu hayar shekara ne a ciki, wasu tun zamanin mahaifinmu.

Lasisin nan ba a kan tabarma ake samunsa ba. Sai kana ɗan ƙasa, sai ka kawo takardar mallaka, sai ka cika sharuɗɗan kariya daga gobara, kuma duk shekara sai ka sabunta. Kowane baƙo sai na shigar da bayanansa hukuma ta san wanda ya kwana. Tun 1 ga Janairun 2025 kuma aka hana manhajoji irin su Gathern da Airbnb da Booking tallata wurin da ba shi da lasisi, tarar mai saɓawa tana iya kaiwa riyal miliyan ɗaya, ko a rufe wurin. Kuma mutum ɗaya ba a ba shi fiye da izini uku a gini guda.

Sannan lissafin da mutane ke yi a baki ba haka yake ba. A ce dare riyal 250, a buga sau 365. Ina aka taɓa haka? Shawwal da Muharram sai in yi kwana goma ba kowa. Ga kason manhaja, ga mai shara, ga wanki, ga lantarki, don baƙo yana barin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne ya tafi Harami tun la'asar sai bayan asuba. Goman ƙarshe na azumi ne ke rufe ramin. Duk da haka ba zan yi ƙarya ba, shiƙƙa ɗaya ta kwana tana kawo mini fiye da ninki biyu na ta shekara. Ƙannena mata biyu zawarawa ne, da wannan suke ci.

Ummu Ammar:
Abu Rayyan, Allah ya jiƙan mahaifinku. Ban ce haram kake ci ba. Amma ka ce uku ne iyaka a gini guda. Tamu bakwai ce, za a cike goma sha biyu. Ta yaya?

Abu Rayyan:
Hanya biyu ce, Inna. Ko dai ya mayar da ginin gaba ɗaya masaukin baƙi, irin shiƙƙoƙin nan masu hidima, wannan lasisinsa daban ne kuma ya fi tsauri. Ko kuma yana yi ne a bayan fage. Ki duba bakin ƙofar imara ko an liƙa lasisi. Idan kina shakka akwai lambar 930 ta ma'aikatar, ana kai ƙorafi.

Mai Gadin Imara:
Ni haris ne a Ajyad ta sama, shekara takwas. Bari in gaya muku abin da ba ya cikin manhaja. Waɗanda suka fi yawa a wurinmu ba sa bi ta Gathern ko wani abu. A WhatsApp ake gamawa. Dillali yana can gida Najeriya ko Nijar ya tara mutum goma sha biyar, ya turo wa na nan, na nan ya kira ni ya ce in shimfiɗa katifu. Ɗakin da aka yi domin mutum uku, na sha jera katifa takwas a ciki, har bakin banɗaki. Su kawo risho ko ƙaramar tukunyar gas su dafa a tsakiyar ɗaki, kusa da labule. Bara cikin azumi wata tsohuwa ta ɗora ruwan zafi ta yi barci, Allah ne ya sa ina kan matakala na ji ƙauri. Na fasa ƙofa na tarar da gefen katifa ya kama. Mutum tara ne a ɗakin, taga ɗaya, ita ma da ƙarfe. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Don haka ni duk dokar da za ta hana wannan ina bayanta, ko da aikina zai tafi.

Ɗan Kura:
Malam haris, aikinka zai tafi ka ce, kai kaɗai ne? Ku bari mu faɗi gaskiya a zauren nan. Mu nawa ne muke biyan kuɗin iƙama, takardar izinin zama, da wannan sana'ar? Tun Yulin 2017 aka sa kuɗin iyali, daga riyal 100 a wata kan kowane mutum har ya kai 400 a 2020. Mata ɗaya da yara huɗu, riyal 2,000 kenan duk wata kafin ka sayi burodi. Albashina 1,800. Ku gaya mini daga ina? Ina kama shiƙƙa da hayar shekara, in zuba gadaje, in saukar da mutanenmu. Ba na jera takwas, biyar nake sawa, kuma na hana girki a ɗaki.

Sannan ku tuna da wanda yake zuwa. Manomi ne ya sayar da shanu biyu ya zo ganin Ka'aba sau ɗaya a rayuwarsa. Otal ɗin da ke kallon Harami ba nasa ba ne. Idan aka rufe irin namu, ina zai kwana? Dokar nan ta ce sai ɗan ƙasa. Ma'ana mai gida ya ci, kamfani ya ci, mu da muka san yaren alhazan, muka san abincinsu, muke kai su asibiti idan sun faɗi, mu koma 'yan kallo.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Nan kam Ɗan Kura ya faɗi gaskiya. Tsohon da bai iya Larabci ba, a otal ko ruwan zafi bai san yadda zai roƙa ba.

Injiniya Abu Safwan:
Ɗan uwa Ɗan Kura, don Allah ka saurare ni da kunnen basira, ba faɗa nake yi ba. Abin da kake yi yana da haɗari a kanka fiye da yadda kake zato. Idan da sunanka ka kama gidan kana saukar da baƙi, kana sana'ar da ba ka da izininta. Idan kuma wani ɗan ƙasa ne ya ara maka suna kana ba shi wani abu, wannan shi ne tasattur, kuma dokar da ta fara aiki a 2021 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tara har riyal miliyan biyar, baƙo kuma a fitar da shi. Na musim ya fi tsanani. A Hajjin 2025 an sanar da tara har riyal 100,000 ga wanda ya ba mai bizar ziyara masauki a Makka daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji, kuma tana ninkuwa da yawan mutanen. Wanda aka kama yana Hajji ba tasrihi, wato izinin Hajji, tara har 20,000, a mayar da shi gida, shekara goma bai shigo ba.

Ba haka kawai aka tsaurara ba. A Hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu, zafi ya haura digiri 51 a Harami, kuma ministan lafiya ya ce kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi. Ba su da tanti a Mina da Arfa, ba su da mota, a ƙafa suka yi ta tafiya cikin rana. Kafin ranar Arfa a ina suka ɓuya? A irin ɗakunan nan.

Ɗan Kura:
Injiniya, ban taɓa ajiye ɗan ziyara a musim ba, Allah shaida. Daga Shawwal nake rufewa. Kada a haɗa ni da masu wancan.

Injiniya Abu Safwan:
Na yarda da kai. Amma mai dubawa idan ya zo, takarda yake tambaya.

Baba na Tandubawi:
Ku ƙara da na Janairun 2006. Ina unguwar Gazza ta nan Makka ranar da masaukin nan ya rufta da alhazai kwanaki kaɗan kafin Arfa, taku kaɗan daga Harami. Mutum 76. Da hannu muka riƙa ɗaga bulo kafin motoci su samu hanyar shiga. Wanda ya ga wannan ba zai ce a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba.

Ummu Ammar:
Baba, Injiniya, duk na yarda. A kare ran baƙo, wajibi ne. Amma ku lura, tun ɗazu maganar ta koma kan baƙo da mai saukar da shi. Haka ake yi mana kullum. Mai imararmu idan ya cika kowane sharaɗi, ya sa abin kashe gobara a kowane lungu, ya liƙa lasisi a ƙofa, ni dai tashi zan yi. Lasisin ma ƙarfi zai ƙara masa. Tun da aka ce daga tsakiyar 2025 ba a ba da bizar Umara sai an nuna masauki mai lasisi a manhajar Nusuk ta hukuma, duk mai gini kusa da tashar motocin Harami ya san abin da ke hannunsa. Makarantar yarana tana nan. Asibitin da nake awo yana nan. Masallacin da Ammar ya haddace izu goma yana ƙasan gidan. Wannan duk ba a lissafa shi da riyal.

Malam Abu Hafsa:
Bismillah. Hajiya, tambayarki tsohuwa ce ƙwarai, malamai sun yi ta tun ƙarnin farko, kuma a kan garin nan musamman. Asalinta aya ta 25 a Suratul Hajji, inda Allah ya siffanta Masallaci Mai Alfarma da cewa ya sanya shi ga mutane, mazauni a cikinsa da mai zuwa daga nesa daidai suke. Wasu magabata suka fahimci cewa hukuncin ya game Makka duka, don haka suka ƙi a sayar da gidajenta ko a ba da su haya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana a sa wa gidajen Makka ƙofofi domin alhaji ya sauka a farfajiyar da ya samu. An ruwaito daga Imamu Abu Hanifa cewa ya karhanta karɓar haya a lokacin musim, haka akwai riwayar hani daga Imamu Ahmad.

Imamu Shafi'i ya halatta, kuma muhawararsa da Ishaƙ ɗan Rahawaihi a kan wannan sananniya ce. Daga hujjojinsa akwai maganar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi inda zai sauka a Makka ya ce shin Aƙilu ya bar mana wani gida? Wato gidajen mallaka ne, ana gadonsu ana sayarwa. Da kuma cewa Sayyidina Umar ɗin da kansa ya sayi gidan Safwan ɗan Umayya da dirhami 4,000 ya mayar da shi kurkuku. A kan halaccin ake tafiya yau, don haka Abu Rayyan ba ya cikin laifi.

Abin da nake so mu lura da shi: a zamaninsu tsoron da ake ji shi ne mazauni ya rufe ƙofa ya bar baƙo a waje. Yau abin ya juya, baƙo ne ke shiga mazauni yana fita. Ayar kuwa duka biyun ta ambata, kuma mazaunin ta fara kira. Shugaba yana da ikon taƙaita halal domin maslaha, kamar yadda aka taƙaita yawan alhazan kowace ƙasa. Idan aka ce unguwa kaza ta zama ce, ko gini kaza kashi kaza kawai za a ba baƙi, ban ga abin da ya hana a shari'a ba.

Ɗan Kura:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. To ai ayar ta ce daidai. Mai zuwa daga nesa ɗin ba mai kuɗi kaɗai ba ne. Idan aka taƙaita ɗakuna, farashi zai hau, talaka ne zai fara faɗuwa.

Malam Abu Hafsa:
Haka ne, kuma ba ƙaramar magana ka yi ba. Shi ya sa magabata suka yi ta waƙafin ribaɗi, wato masaukin kyauta, a garin nan domin matalautan baƙi da masu zaman ibada. Da masu hali cikinmu za su farfaɗo da wannan, da an rage.

Maman Iman:
Daga Madina nake bin ku. Mu ma haka. Unguwannin da ke kusa da Masallacin Annabi an shafe su tun tuni an yi otal, mutane suka matsa Ƙurban da Awali, yanzu can ma hayar kwana ta bi su. Tun da jirgin ƙasan Haramain ya fara aiki a 2018, mutum sai ya zo daga Jidda ya kwana biyu ya koma, ɗaki ba ya hucewa. Ƙawata da ke aure a Abha ta ce su nasu na bazara ne, idan zafi ya kori mutanen Riyad da Dammam suka hau dutse, masu gida sai su fara neman dalilin tashin ɗan haya. Amma su ko ba komai sanyi na dawowa gari ya koma nasu. Mu da ku babu wannan hutun.

Baba na Tandubawi:
Kuma kada a manta gidajen ma sun ragu. Shamiyya ta tafi a faɗaɗa Harami, Jabal Umar ta tafi, sabuwar hanyar nan da ake kira Masaar ta ratsa ta tsakiyar unguwanninmu. Rusau ɗin Jidda na 2021 da 2022 ya turo wasu nan. Mutane sun ƙaru, ɗakuna sun ragu, sai kuma ga wannan.

Injiniya Abu Safwan:
Hajiya Ummu Ammar, kin yi gaskiya, na kauce wa tambayarki. Bari in dawo kanta. Wasu garuruwan da baƙi suka yi wa yawa sun daina tsayawa a kan tsafta da lasisi kawai, sun koma ƙidayar dare da ƙidayar gida. A Landan gidan zama ba ya wuce dare 90 a shekara a hayar kwana sai da izini na musamman. A Amsterdam an sa dare 30 a 2019. A New York tun Satumban 2023 ba a ba da gida na ƙasa da kwana 30 sai mai gidan ya yi rajista, yana ciki tare da baƙin, kuma kada su wuce biyu. Magajin garin Barcelona ya sanar a 2024 cewa lasisin gidaje kusan 10,000 ba za a sabunta su ba, zuwa ƙarshen 2028 su koma na zama. Na san Makka ba Barcelona ba ce, wanda ya zo nan ba hutu ya zo ba, kira ya amsa. Amma dabarar dare 90 ɗin nan ku dube ta da kyau, ai kusan tsarin da Baba ya ba da labari ne: azumi da musim na baƙo, sauran shekara na mazauni.

A nan gida ma an fara waiwayar ɗan haya. A 25 ga Satumban 2025 aka dakatar da ƙarin kuɗin haya a Riyad na shekara biyar, kuma a nan mai gida ba ya ƙin sabuntawa sai da dalili: ko ba a biya ba, ko ginin yana da matsalar da ke barazana ga mutane, ko shi ko ɗansa ko iyayensa za su zauna. Son mayar da gida na kwana ba ya cikin dalilan. Wannan ɓangaren na Riyad ne, amma an bar ƙofar a faɗaɗa shi zuwa wasu garuruwa idan an ga buƙata.

Akwai kuma wanda ya shafi ƙasa baki ɗaya, kuma shi nake so ki duba yau. Yarjejeniyar haya tana sabunta kanta da kanta, sai idan ɗaya ya sanar da ɗaya aƙalla kwana 60 kafin ta ƙare. Taku tana Ejar, manhajar rajistar haya ta hukuma?

Ummu Ammar:
Tana Ejar, da sunan maigidana. Ta nan muke biya tun da aka hana ba da kuɗi a hannu.

Abu Rayyan:
Injiniya, dare 90 ba zai yi mini ba, in faɗa maka gaskiya. Wa zai kama gida wata tara ya fita wata uku a zamanin nan, da yara a makaranta? A da kayan gida tabarma ce da akwati. Yanzu firji ne da injin wanki da mukayyif huɗu. Ni abin da na fi gani shi ne a raba: gini ko dai na baƙi ne gaba ɗaya, ko na iyali gaba ɗaya, kuma kowace unguwa a sa mata iyaka. Cakuɗawar ce ke kawo murɗa ƙofar mutane da dare. Ni kaina masu hayata sun yi mini ƙorafin lif da ruwa, sai da na sa tanki na biyu.

Ummu Ammar:
Idan aka raba haka, Kudai gaba ɗaya ta baƙi za ta zama, don motar Harami a ƙofarmu take tsayawa. Mu kuma a tura mu bayan gari. Maigidan da ke ɗaukar alhazan, da Hajiya da ke dafa musu, da haris da ke buɗe musu ƙofa, duk sai mun yi tafiyar awa kafin mu iso mu yi musu hidima.

Abu Rayyan:
Shi ya sa na ce da iyaka a kowace unguwa, Inna. Ko a Kudai ɗin a ce gini kaza cikin goma ba a taɓa shi.

Mai Gadin Imara:
Wa zai ƙirga? Mai dubawa yana zuwa da rana, katifun ana shimfiɗa su bayan isha.

Ɗan Kura:
Hajiya Ummu Ammar, akwai abin da ya dame ni tun da na karanta rubutunki na farko. Shiƙƙar da nake riƙe da ita a Misfala, ranar da na je karɓar makulli na tarar da zanen tsayin yara a jikin ƙofar kicin, an ja layi da biro an rubuta shekara a gefen kowane. Layi biyar ko shida. Ban tambayi ko su waye ba, na sa aka yi fenti. Ban ce zan bar sana'ar ba, don ban san abin da zan ci ba idan na bari. Amma ban taɓa kama gidan da na san an tashi wani domina ba, kuma daga yau sai na tambaya.

Hajiya 'Yar Damagaram:
A wane layi ne a Misfala, Ɗan Kura?

Ɗan Kura:
Zan kira ki, Hajiya. Ba a nan ba.

Ummu Ammar:
Na ɗauko takardar. Yarjejeniyar za ta ƙare 29 ga Sha'aban. Wakilin ya zo ranar 7 ga Rajab. Na ƙirga da yatsa sau biyu, kwana 52 ne ko 51, bai kai 60 ba. Kuma da baki ya faɗa, a tsaye a bakin ƙofa.

Injiniya Abu Safwan:
Kada ki yi murna tukuna, Hajiya. A duba wayar maigidanki da asusunsa na Ejar, wataƙila an turo sanarwa tun kafin wakilin ya zo bai lura ba. Idan babu, kada ku sa hannu a kowace takarda, kada ku karɓi kuɗin sallama, sai an duba muku.

Abu Rayyan:
Inna, ki ce wa Abu Ammar ya same ni gobe bayan isha da takardar da iƙamarsa. Akwai maktabin dillalan gidaje da nake rajistar nawa, zan raka shi a buɗe a gani. Idan sanarwar ba ta cika ba, ni zan yi wa wakilin magana da kaina, mun fi jin yaren juna. Shekara ɗaya ce dai za ku samu, ba fiye ba, ku fara neman wuri tun yanzu. Ɗaya daga cikin masu hayata yana maganar komawa Jidda bayan Hajji, idan ta tabbata ku zan fara kira.

Ummu Ammar:
Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Abu Ammar yana hanyar Madina da fasinja, sai cikin dare zai shigo. Wayar tana hannunsa. Yana isowa zan sa ya buɗe saƙonnin tun na Jimada mu bi su ɗaya bayan ɗaya.